Kawu da Haruffan Surukinsa

Daga Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya a farkon sanyin bana, a gidansa da ke unguwar Soundview a New York, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba.

Na zaci zaman makokinsa zai kasance na shiru da sharar hawaye. Hawayen an yi, shirun ne ba a samu ba. Tun ranar farko falo ya cika, takalma suka taru har bakin matakala. Duk wanda ya shigo ya yi addu'a aka shafa, sai ka ga ya laluba aljihu ya ciro waya ya ce, "Bari in nuna muku abin da ya yi mini."

Wani dattijo ɗan Zongon Kumasi, mai tuƙa tasi, shi ya fara. Ya ce da harshen Twi matarsa take rubuto masa saƙo, kuma shekara da shekaru akwai haruffa biyu da ba sa fitowa a wayarsa, sai ƙananan akwatuna kamar tagogi.

"Sau ɗaya na ɗauko shi daga Harlem," in ji shi. "Ya leƙo ya ga saƙon, ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayar. Muka iso ƙofar gidan nan ya ƙi sauka sai ya gama. Motoci suna ta yi mini hon a baya, shi ko a jikinsa. Daga ranar na daina karanta faɗan matata rabi-rabi. Yanzu cikakke nake samunsa."

Wata uwa 'yar Jos, tsohuwar nas da suka yi aiki asibiti ɗaya da Kawu, ta ce su a cocinsu takardar waƙoƙi ce ta dame su. Duk inda ƙ take sai injin bugawa ya sa alamar tambaya, har kalmar ƙauna ta koma tambaya a kowane shafi. Kawu ya ji labari, ya je ranar Asabar da jakarsa, ya zauna ofishin cocin har la'asar. Ta ce da ya gama ya nemi inda zai yi salla, aka shimfiɗa masa darduma kusa da ganguna.

Matar Kawu, wadda duk muke kira Mama, tana zaune a kusurwa da carbi. Ta ɗago ta ce, "Ku dai kun ji daɗinsa. Ni ce na tsufa ina cin tuwo a kan cinya, saboda teburin cin abincina ya zama asibitin kwamfuta." Aka yi dariya, ita ma ta yi, sannan ta rufe fuska da mayafi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Kowa ya zo da guntun labarinsa, ni kuwa na zauna gidan shekaru lokacin da na zo karatun aikin jinya, kuma babban labarin a gabana ya faru. Ba na so ya bi iska.

Kawu mutumin Zariya ne. Karatu ya kawo shi New York yana saurayi, ya kama aiki a sashen kwamfuta na wani asibiti, a nan ya zauna har ya yi ritaya. Kowa Kawu yake ce masa, har limaminmu, har masu kanti a unguwa waɗanda ba su san ma'anar kalmar ba. Ba ya fita sai da hularsa ta zanna, ko da ƙanƙara na zuba, sai dai ya ja hular rigar sanyi ya rufe ta a sama. Idan ka tambaye shi hanyar zuwa wani wuri, sai ya ba ka hanyoyi uku da tarihin kowace, ka tashi ka fi ɗimuwa. Kuma ba ya iya ganin rubutun Hausa marar ƙugiya ya yi shiru. Idan na rubuta masa "na karaso" a waya, amsar da zan samu ita ce, "Kin ƙaraso ko kin karaso? Ɗaya ce kawai na sani."

A wajen karin kumallo ya fara koya mini abin da ya fi so a duniya. Ya ɗaga cokali ya ce, "Ke, kwamfuta ba ta san harafi ba. Lamba ta sani. Mutanen duniya sun zauna sun ba kowane harafi na kowane rubutu lambarsa, wadda babu mai raba shi da ita. Tsarin ana ce masa Yunikod. Ƙ ƙarama tamu, lambarta 0199. Idan kin danna ta a nan, lambar ce take tafiya Kano, ba zanen ba. Zanen riga ce, ita ake kira font. In wayar can tana da rigar, sai ta sa wa lambar ta fito tsaf. In ba ta da ita, sai ta nuna miki akwati."

Na ce, "Kawu, shayinka zai huce."

Ya ce, "Shayi ba ya ɓata. Ƙugiya ce ke ɓata."

Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, shi ya kawo mana rubutun da Kawu bai taɓa gani ba. Yaya ya haɗu da wata yarinya mai aikin haɗa magunguna, 'yar Indonesiya, daga birnin Bandung. Musulma ce, mai fara'a, ta shiga ran Mama tun ranar da ta ci miyar kuka ta nemi ƙari. Ƙabilarta Sunda ce, suna da harshensu da rubutunsu na gado. Mahaifinta kuwa tsohon malamin makaranta ne, rayuwarsa duka koyar da wannan harshe da rubutu ya yi.

Malamin bai ce a'a ba, bai kuma ce i ba. Duk lokacin da 'yarsa ta tayar da maganar sai ya tambaye ta lafiyarta da yanayin gari. Mahaifiyarta ce ta gaya mata abin da ke ransa: yana ganin in ta auri baƙo a ƙasar baƙi, jikokinsa za su tashi ba su san ko harafi ɗaya na kakanninsu ba, shi kuma da ya koyar da 'ya'yan wasu, gidansa ne zai zama kufai. Yarinyar ta ce ba za ta yi aure ba da yardarsa ba. Yaya ya rame. Aka shiga wata da watanni a haka.

Rannan sai ga saƙon imel daga malamin zuwa ga 'yarsa. Ya ce in har za a buga katin gayyata, yana so a sa layi ɗaya na addu'a da rubutun Sunda a ƙarƙashin Hausa da Turanci, ga layin nan ya aiko. Bai ce ya yarda ba. Amma mun gane cewa ƙofa ce ya ɗan buɗe, yana kallon yadda za mu shigo.

Ranar Lahadi da hantsi yarinyar ta zo da saƙon, aka buɗe a kwamfutar Kawu. Inda addu'ar take babu komai sai jerin akwatuna. Na ga fuskarta ta sauya. Ta ce saƙon ya lalace a hanya, kuma ba za ta iya ce wa mahaifinta ya sake aikowa ba, don abin da zai ji shi ne rubutunsa ko isowa Amurka ba ya iya yi.

Kawu kuwa sai murza hannu yake kamar an ajiye masa kilishi.

Ya ce, "'Yata, zauna. Babu abin da ya lalace. Baƙi ne suka iso ba mu tanadar musu riga ba."

Ya ɗauki akwati ɗaya daga tsakiyar layin, ya saka shi a wata manhaja mai nuna lambar da ke bayan harafi. Sai ga 1B8A. Ya bayyana mana cewa lamba ce duk da baƙaƙen da ke cikinta, don masu kwamfuta da sha shida-sha shida suke ƙirga, in sun wuce tara sai su ari A zuwa F. Ya duba jerin Yunikod, ya sa yatsa a kan allo.

"Ga shi. Harafin ka na Sunda. Unguwarsu guda aka ware musu, daga 1B80 zuwa 1BBF, tun shekarar 2008. Mahaifinki bai yi kuskure ko ɗaya ba. Mu ne ba mu shirya ba."

Ya nemo font na rubutun ya saka. Muna tsaye a kansa akwatunan suka juye suka zama haruffa masu kusurwa, a ɗan karkace, da 'yan alamomi sama da ƙasa. Wanda ya zaɓa ɗin ya fito haka: ᮊ. Ni dai kamar bakwai biyu da suka jingina da juna na gan shi. Yarinyar ta matso ta fara karantawa a hankali, tana tuntuɓe, don ita ma rabonta da rubutun tun makaranta. Da ta kai ƙarshe ta fassara mana: addu'a ce ta Allah ya sa gidan ya zauna lafiya har jikoki. Mama ta ce amin, ta tafi ɗora tukunya.

Saura bugawa, kuma a nan rigima ta tashi.

Kawu yana da amini, mutumin Maraɗi, mai shagon buga kati da kalanda a titi na 116 a Harlem. Sun yi shekaru suna shan shayi tare suna gardamar wace Hausa ce ta asali. Na raka Kawu shagon. Da aminin ya buɗe layin a tsohuwar manhajarsa, ko akwatunan ba a samu ba. A madadin harafin ka sai ga wasu abubuwa uku: a mai ƙaho, R a cikin da'ira, da S mai hula.

Aminin ya ja kujera baya ya ce, "Kawu, wanga rubutun mutane ne kuwa?"

Kawu ya ce, "Na mutane ne, injinka ne ɗan ƙauye." Ya ɗauki biro ya rubuta a bayan wani kati: E1, AE, 8A. Ya ce kwamfuta a ƙananan ma'aunai take ajiye komai, ana kiran kowane bayit. Harafin Turanci bayit ɗaya ya ishe shi, ƙ tamu biyu take ci, harafin Sunda kuwa uku. Manhaja mai hankali tana haɗa ukun ta san mutum ɗaya ne. Ta aminin kuwa ta raba su, ta ɗauki kowane a matsayin harafi mai zaman kansa.

Aminin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, bon. Ka ɗauko hoton layin daga kwamfutarka in manna a katin. A kan takarda wa zai gane?"

Yaya, da ya biyo mu, ya ce hakan ma ya yi, lokaci na tafiya.

Kawu ya miƙe tsaye. Ya ce malamin nan rubutu ya aiko, ba hoto ba. Ya ce hoto ba a gyara shi, ba a neman kalma a cikinsa, kuma gayyatar za ta bi waya zuwa dangin amarya, ya kamata duk wanda ya so ya kwafi addu'ar ya aika wa wani. Ya ce da can haka aka riƙa yi wa haruffanmu, a buga k a ɗauki biro a yi mata ƙugiya da hannu, kuma shi ba zai yi wa surukinsa abin da ya tsana a yi masa ba. Aminin ya ce shi ya shekara yana buga kati kafin Kawu ya san hanyar Harlem. Kawu ya ɗauki hularsa, wadda ya cire don zafin gardama, muka fito.

Kwana da kwanaki ba sa magana. Kawu ya riƙa shan shayinsa shi kaɗai yana cewa ya fi daɗi, fuskarsa kuwa ba ta nuna haka ba. Mama ce ta gaji. Ta zuba dambun nama a roba ta miƙa masa ta ce, "Kai wa abokinka. In ka dawo da robar nan a cike, kai da teburinka ku nemi wani gidan." Ya tafi yana gunaguni, da sabuwar manhaja a jakarsa. Da yamma ya dawo yana waƙa.

Suka buga gwaji guda, ya fito kyakkyawa, haruffan malam sun jeru da ruwan zinariya. Kawu ya yi ta zagaya falo da shi. Aka ɗauki hotonsa aka aika Bandung.

Washegari amsa ta zo, kuma karo na farko ke nan da malamin ya rubuto wa Kawu kai tsaye, 'yarsa na fassarawa. Ya gode, sannan ya ce akwai kuskure. A rubutunsu kowane baƙi yana ɗauke da wasalin a, sai an sa masa alama yake komawa i ko u ko wani. Alamar i a sama take, ta u a ƙasa. Amma akwai wata, ta wani irin e, wadda ake rubutawa a hagun baƙin, kafin shi, ko da yake bayansa ake furta ta. A katinmu ta koma dama.

Kawu ya koma kwamfutarsa ya duba, a can alamar tana hagu daidai. Sai ya fashe da dariya. Ya ce injin yana ajiye haruffa yadda baki ke faɗa, baƙi tukuna sannan wasali, kuma aikin manhaja ne ta ɗauko alamar ta mayar hagu lokacin nunawa. Wadda ya kai shagon ba ta iya wannan ba, shi kuma da ba ya karanta rubutun bai lura ba.

Da aminin ya ji, ya kira waya musamman. Ina jin muryarsa daga inda nake zaune: "Da hoto munka sa, da yanzu an gama."

Kawu ya ce, "Ka yi gaskiya. Amma ba za mu sa hoto ba."

Suka sake wata manhajar, alamar ta koma mazauninta. Kawu ya rubuta wa malamin doguwar wasiƙa yana ba da haƙuri, ya bayyana masa dalilin kuskuren tun daga lamba har bayit. Yaya ya roƙe shi ya rage, ya ce mutumin malamin harshe ne, ba injiniya ba. Kawu bai cire ko layi ba.

Amsar malamin gajera ce. Yarinyar tana karantawa sai ta tsaya, ta sa hannu a baki. Muka tambaye ta lafiya. Ta ce mahaifinta ya ce bai taɓa sanin haruffan da ya koyar duk rayuwarsa suna da lambobi ba, yana so a aiko masa da su duka. Kuma ya buɗe saƙon da kalmar besan. Ta ce a wurinsu sunan da iyayen miji da iyayen mata ke kiran juna ke nan, ba a faɗarsa sai magana ta tabbata.

Yaya ya fita baranda ya daɗe bai dawo ba.

An yi biki lafiya, malamin da matarsa suka zo. Tsofaffin biyu ba su da harshe ɗaya, Turancin malam kaɗan ne, amma ba su rabu ba har ranar komawa. Malam ya ji kowa na cewa Kawu, ya karɓi wayar 'yarsa ya rubuta ᮊᮝᮥ, ka da wa da alamar u a ƙasa, ya nuna masa. Kawu ya sa aminin ya buga masa shi da girma, ya manna a ƙofar ɗakinsa. Shi kuma ya dage sai ya koya wa malam bambancin ka da ƙa. Bayan sun koma Bandung abin ya zama al'ada: safiyar Asabar a nan, yamma a can, a kira juna ta bidiyo. Kana kicin sai ka ji Kawu yana "ƙa, ƙa, daga maƙogwaro," malam yana amsawa "ka, ka," sannan a juya, malam ya faɗi wani wasalinsu da bakin Bahaushe ba ya iyawa, Kawu ya maimaita, su duka su yi ta dariya. Mama takan ce gidanta ya koma kasuwar agwagi.

Allah ya ba Yaya 'ya mace. Tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, kamar sauran yaranmu na nan. Tun tana ƙarama ta riƙa hawa cinyar Kawu ranar Asabar, kakanta na Bandung, wanda take kira Aki, yana zana mata haruffa a allo ta cikin waya. Kafin ta gama aji biyu ta iya rubuta su duka da hannu.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, nakan biya bayan na tashi daga aiki in duba shi. Wata ranar Lahadi da azahar na tarar da jikar a kan gadonsa da takarda da fensir. Ashe ta gano wani abu da ba wanda ya taɓa lura da shi a cikinmu: Kawu ya haddace lambobin haruffan Sunda, amma bai taɓa zana ko ɗaya da hannunsa ba.

Ta ce ya rubuta ka. Ya riƙe fensir, ya ja layi. Ta girgiza kai ta ce ba daga nan ake farawa ba. Ta ɗora hannunta a kan nasa, suka ja tare, sau ɗaya, sau biyu. Ta sake shi ya yi shi kaɗai. Abin da ya fito ya fi kama da kujerar da ta karye.

Ya ce, "Malama, na ci?"

Ta duba da kyau, ta ce masa da Turanci bai ci ba.

"Ko don tsufa ba za a duba ni ba?"

Ta ce Aki ba ya duba kowa.

Kawu ya yi dariya har tari ya kama shi, na ba shi ruwa. Da ya lafa ya dube ni ya ce, "Kin ji ko? Jinin malamai ne." Sannan ya roƙe ta a ba shi damar sake jarrabawa. Ta yi tunani, ta ce to, Lahadi mai zuwa, amma ya yi ta gwadawa kafin nan. Ya ɗaga hannu ya yi mata alkawari.

Mama ta ce ya cika alkawarin gwadawa. Kullum bayan sallar azahar sai ya ce a miƙo masa fensir, ya zana, ya tambaye ta ko ya fi na jiya, ita kuma ta ce ya fi, ko da ba ta san yadda ya kamata ya zama ba. Ranar Juma'a da safe Allah ya karɓi abinSa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Ya ba Mama haƙuri, ya raya abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.